Kyautar Sifirin

Ɗanasabe ya shekara ashirin da shida yana jan babbar mota tsakanin Ƙauran Namoda da Shinkafi da Zurmi, bai taɓa kayar da ita ba, bai kuma taɓa jera ganye a kan hanya don ta lalace masa ba. Ba sai ka tambaye shi ba, in dai kun zauna benci ɗaya a tasha zai gaya maka da kansa. Yakan ce ya san motarsa fiye da yadda ya san cikin aljihunsa. Motar dai ba tasa ba ce, ta Alhaji Maitama ce mai fataucin hatsi, amma Alhaji bai taɓa hawanta ba sai ranar da aka kawo ta sabuwa, shi ma don a ɗauke shi hoto. A goshinta an rubuta Sannu Ba Ta Hana Zuwa. A kan hanya Ɗanasabe ya yarda da wannan magana, amma a zuciya bai san ta ba, don mutum ne mai saurin hawa.

Wata Litinin, saura kwana goma Babbar Sallah, a shekarar da aka fara aiki da shari'a a Zamfara, sai ga wata a-kori-kura ta tsaya a ƙofar gidan Alhaji. Wani dattijo mai furfura a gemu ya fito, ya ce shi ne Injiniya Zakariyya, daga kamfanin da ya haɗa motar. Aka aika aka kira Ɗanasabe daga tasha.

Injiniya ya ce ai wata huɗu ke nan da suka aiko da takarda. Da aka bi sawu sai aka gano a bayan ambulan sun rubuta Jihar Sakkwato, wato shekara uku da ɗoriya da yanke Zamfara amma labari bai kai kamfanin ba. Takarda ta je Sakkwato ta huta, ta dawo Gusau ta ƙara hutawa, da ta iso Ƙaura Alhaji ya ga hatimi da Turanci ya ɗauka ta haraji ce, ya tura ta ƙarƙashin darduma. Nan aka ɗaga darduma aka zaro ta, ta yi laushi saboda zama.

Abin da ke ciki bai da tsawo. Motocin da aka haɗa a wancan zubin, uwar sifirin ɗinsu ta gaba tana da aibi. Uwar sifirin ita ce doguwar fallen ƙarfe ta sama, wadda bakinta ya naɗe kamar ido, ita ke riƙe da ƙafafun gaba a jikin mota. Injiniya ya ce an yi kuskure wajen gasa ƙarfen, yana tsagewa daga ciki ba a gani, ranar da ya ga dama ya ɓalle, ƙafa ta ja baya, sitiyari ya zama abin ado a hannun direba. Ya ce motoci uku sun riga sun kife a kudu. Alamar masu aibin ɗigo uku ne na shuɗin fenti kusa da idon. Ga sababbi nan a bayan a-kori-kura, kyauta za a sa, aikin rabin yini.

Ɗanasabe ya yi dariya har da buga cinya. Wannan bawan Allah bai san Ƙaura ba. A nan, in sabuwar mota ta zo, kafin ta ɗauki ko buhu ɗaya sai an kai ta garejin Tsoho bakanike, a kwance sifirin ɗin kamfani, a ɗaura mai kauri, a ƙara falle uku ko huɗu. Kowa ya san wanda ya zana motar bai taɓa bin hanyar Zurmi da damina ba, bai kuma san yadda ake lodin gero har ya fi kan mota tsawo ba. Ya gaya wa injiniya cewa ƙarafan da yake nema ko kwana ɗaya ba su yi a ƙarƙashin wannan mota ba, a gabansa aka cire su.

Injiniya ya ce ya ji, amma a bar shi ya leƙa, minti biyar ne. Nan fa ran Ɗanasabe ya ɓaci. Mutum ya taso daga Kaduna da farar riga zai koya masa abin da ke ƙarƙashin motarsa? Ya ce in dai maganarsa ba ta isa ba, to a kawo Alƙur'ani. Injiniya ya ce abin bai kai nan ba, ya miƙo takarda Ɗanasabe ya sa hannu cewa babu ƙarafan a motar. Har ya buɗe ƙofar a-kori-kura sai ya juyo.

“To waɗanda aka cire, suna ina?”

Sai a lokacin Ɗanasabe ya tuna. Ƙarfen kamfani ba a yar da shi a Ƙaura, abin alfahari ne, sai wanda kake ji da shi kake ba. Alhaji ya bar masa su, shi kuma ya ba Zayyanu, mijin 'yarsa ta fari, wanda ke jan wata tsohuwar mota irin wannan a Shinkafi. Yarinyar kuwa cikinta na fari ya tsufa, kuma an riga an tsayar da magana cewa ranar Alhamis, in kasuwar Shinkafi ta watse, Zayyanu zai kawo ta Ƙaura goyon ciki. A wannan motar zai kawo ta, tana zaune daidai saman ƙarfen.

Ya ce to a ba shi sababbin ya kai Shinkafi. Injiniya ya ce ba shi da wannan ikon, takarda ta ce sai motar da lambar jikinta ke cikin jeri. Ɗanasabe ya ce to ƙarfe yana karanta lamba ne kafin ya karye? Injiniya ya ce shi ma ya san haka, amma shi ɗan aike ne. Abin da zai iya shi ne zai zauna Gusau har Jumma'a, in an kawo masa masu shuɗin ɗigon ya gani da idonsa, sai ya san yadda zai rubuta. Ya ja motarsa ya tafi da sababbin sifirin suna ƙara a baya.

Kafin ƙurarsa ta kwanta Alhaji ya jawo Ɗanasabe cikin zaure ya rage murya.

“Ka ji ko, kada in ji maganag ga ga tasha. Sallah ta matso. In 'yan kasuwa sunka ji an ce motata na da aibi, wa ka aza kaya nai bisanta? Ba su tsayawa jin an cire ko ba a cire ba. Kai dai amso ƙarhenka shiru.”

Ɗanasabe ya ga abin ba wuya, saƙo ɗaya ne. Da Tsoho bakanike yana gari da shi zai tura, don bakanike da direba sun san yaren juna, amma Tsoho yana Makka, 'ya'yansa sun biya masa Hajji, gareji a kulle. Shi kuma ba zai tashi takanas ya je ya tsaya gaban surukinsa yana zancen ƙarfe ba. Tun da aka ɗaura auren nan maganarsu ba ta wuce ina kwana da lafiya lau, Zayyanu a tsugune yana kallon ƙasa, shi yana kallon wani wuri. Saboda haka ya nemi Jatau ɗan kamasho, wanda ke bin motar Shinkafi kullum.

Jatau, shekara biyu da suka wuce ba ka raba shi da tabarmar karta a bayan tasha. Da shari'a ta zo ya tsayar da gemu, ya ɗage wando, ya haddace hadisi uku, kuma duk abin da ya faru a duniya sai ya sami wanda ya dace da shi a cikin ukun. Ɗanasabe ya ce masa ya gaya wa Zayyanu ya cire sifirin ɗin da ya ba shi, yau ɗin nan, ya aiko da su. Jatau ya tambayi dalili. Ɗanasabe ya tuna da Alhaji, ya ce dalili nasa ne. Jatau ya shafa gemu ya ce shi dai abin da ya ji malamai na faɗa, mai karɓe kyautarsa kamar kare ne da ya yi amai ya koma ya lashe. Ɗanasabe ya ce aike ya ba shi, ba mumbari ba.

Washegari Jatau ya dawo hannu rabbana. Ya ce ya isar da saƙo, Zayyanu ya yi gumi, ya ce a gaida Baba da kyau, a ce masa yana da lodi a Zurmi, in ya dawo za a san abin yi. Abin da Jatau bai faɗa ba shi ne a teburin mai shayi ya isar da saƙon, gaban direbobi goma sha. Kafin la'asar duk tashar Ƙaura ta san Ɗanasabe yana neman kyautar da ya yi wa mijin 'yarsa. Wanda bai taɓa ba kowa ko goro ba shi ma ya sami bakin magana.

Ranar Laraba da safe matarsa Rekiya ta dire masa kwanon koko har ya fantsala.

“Malam, ashe abin da ni ji gaskiya na? Kyautad da ka yi ma mijin ɗiyakka ka biɗa, ga ta da tsohon ciki? Mi za ta hwaɗi ma dangin miji?”

Ya ga in bai faɗa wa wani ba zai fashe, sai ya kwashe duka ya gaya mata. Rekiya ta dafa ƙirji, ta ce to me ya hana shi buɗe baki ya gaya wa yaron da kansa? Ya ce ina ya gan shi? Kuma a ina aka taɓa yin haka, suruki da suruki? Ta ce to su zauna nan, shi da kunyarsa, Alhaji da 'yan kasuwarsa, har kunya ta kashe musu mutum. Bai shanye kokon ba ya fita.

Allah ya sa ranar yana da lodin gishiri zuwa Zurmi. Ya ɗau hanya yana saƙe-saƙen yadda zai keɓe Zayyanu gefe, ya juya masa baya in ya so, ya faɗi maganar cikin kalma biyar. A wajen wani gangare da ruwan bara ya cinye, ya ji wani ɗan ƙas daga gaba, ɓangaren dama. Ya yi tsaki, ya ce masu lodi ne suka jibge kaya gefe ɗaya kamar yadda suka saba. Da ya hango garin sai ya danna odarsa mai murya uku, wadda ko yaran Zurmi sun santa, don ya saba da haka shekara da shekaru.

Ita ce ta ɓata masa aiki. Ya shiga kasuwa ya tarar da buhunan dawa a zube da masu lodi suna kallon juna. Suka ce yanzun nan Zayyanu ke nan, mota rabin lodi, yana jin odar ya ce ya tuna wani uzuri, ya bi ta bayan gari. Ɗanasabe ya tsaya yana kallon sawun tayoyi a cikin rairayi. Takaici ya ishe shi har ya rasa wanda zai zaga. Ga shi yana bin mutum don ya cece shi, mutumin yana gudu kamar an ce masa ga kura. Wani mai awon hatsi da bai san hawa ba bai san sauka ba ya matso ya ce, cikin ladabi, shi dai shawara ce, abin da aka bayar an bayar, ai akwai hadisi. Ɗanasabe ya ce ya san hadisin, har ya san wanda ya kawo shi Zurmi.

Ranar Alhamis tun da hantsi yana Shinkafi. Kasuwar gab da Sallah ce, raguna da shanu sun cika ko'ina, motoci sun yi layi hanci da gindi. Aka yi masa lodin gero na Alhaji har ya haura katakon bodi, aka ɗaure da igiya. Sannan ya bar motar, bai taɓa oda ba, ya bi layi da ƙafa. Ya sami motar Zayyanu a tsakiya, motar shanu gaba, motar shanu baya, babu wurin gudu.

Zayyanu na ganinsa ya cire hula ya zube a ƙasa. Kafin su gama gaisawa mutane sun kewaye su, don labari ya riga shi zuwa. Ga Jatau a sahun gaba. Ga kuma dillalai uku da ke ba motar Alhaji kaya, sun miƙo wuya. Ɗanasabe ya dubi ƙarƙashin tsohuwar motar. Da zai iya da ya tuɓe riga ya shiga ya duba da idonsa, amma dattijo ya yi rub da ciki a ƙarƙashin motar surukinsa a tsakiyar kasuwa, wannan sai a shekara ana ba da labari. Wani daga baya har ya ce a dai yi hankali da kwance kayan mutane, yanzu zamani ya canza.

“Ƙarhen nan,” in ji Ɗanasabe, yana kallon saman motar shanu, “ka cire su.”

“An cire, Baba.”

“Suna ina?”

Zayyanu ya shiga zane a ƙasa da ɗan yatsa. Aka sake tambayarsa, ya ce Baba ya yi haƙuri. Ɗanasabe ya ji jini ya hau masa ka. Wato ƙarya ma zai yi masa, a gaban jama'a, don kar ya rabu da ƙarfe biyu. Kalma biyar ɗin da ya tanada suka gudu, ga kunnuwan dillalai a buɗe, sai ya faɗi abin da ya zo bakinsa.

“To ji nan. Yarinyar ga ba ta shiga motakka. Ni ka kai ta gida.”

Kowa ya ɗauka cin fuska ne, kuma in an bi ta zahiri cin fuskar ne. Zayyanu ya ƙara sunkuyar da kai ya ce to, Baba.

Bayan azahar aka kawo 'yar tasa Mardiyya bakin tasha da ƙunshin kayanta da kwalla ɗaya, idanunta sun yi ja. Ta durƙusa da ƙyar ta gaida shi, ya amsa yana duba igiyar lodi. 'Yar fari ce, tun ranar sunanta bai taɓa kiran sunan nan da bakinsa ba. Tana ƙarama yarinyar ga ce, da ta yi aure ta koma ta Shinkafi. Mata biyu suka taimaka mata ta hau gaba, ta takure jikin ƙofa ta juya fuska waje.

A bakin gari 'yan sa-kai masu duba cakuɗuwar maza da mata a mota suka ɗaga hannu. Suka tambayi wace ce a gaba, ya ce ɗiyarsa ce. Ɗayansu ya ce mene ne sunanta? Ɗanasabe ya dubi madubi, ya gyara hula, ya dubi agogo. Sai ita ta faɗa da kanta a hankali. Babbansu ya yi murmushi ya ce ai wannan shirun ya fi kowace shaida, a sauka lafiya.

Suka kama hanyar Ƙaura. Ɗanasabe bai iya shiru in ransa ya ɓaci, kuma tunda ba zai yi magana da 'yar fari ba, sai ya yi da sitiyari kamar yadda ya saba. Ya ce a duba masa wannan duniya. Kamfani bai san jiha ba, Alhaji bai san takarda ba, injiniya bai san komai ba sai lamba. Jatau da ya gama cinye kuɗin mutane a karta shi ne yau mai fatawa. Shi kuwa an mayar da shi kare mai lashe amai daga Ƙaura har Zurmi. Kuma duk a kan me? A kan yana so ya raba wani sakarai da ƙarfen da kamfani da bakinsa ya ce yana tsagewa daga ciki, ya riga ya kifar da mota uku. Da ya bar su sun taho a waccan akwalar, ƙafa ta ɓalle a gangare, wa za a ce ya kashe su in ba shi da ya yi kyautar ba?

Sun wuce Badarawa ke nan. Ya ji numfashin yarinyar ya canza. Ba ta juyo ba, da gilashin taga ta yi magana.

“Baba, ƙarhen nan masu shuɗin ɗigo ukku?”

Ƙafarsa ta sassauta a kan totur.

“Ba su ga mota tai. Bai taɓa sa su ba, cewa ya yi kyautar Baba ta hi ƙarhin tsohuwar mota, ƙarƙashin gadona sunka zauna. Da damina, da naku ya karye wajen Banga hannun yaron mota, kuna kwance da zazzaɓi, Baba Tsoho ya rasa irinsu har Gusau. Maigidana ya ɗauka ya kai mai, ya roƙe shi don Allah kada shi hwaɗa muku, kada ku ce ya maido muku kyauta.” Ta nuna ƙasa da yatsa. “Suna ƙarƙashinmu, Baba.”

Ɗanasabe ya tuna. Sati biyu ya yi a kwance, da ya tashi ya tarar da mota a tsaye an gyara, ya yi wa Tsoho godiya bai leƙa ba. An ce alheri danƙo ne, ba ya faɗuwa ƙasa banza. Nasa bai faɗi ba, ya zagayo ya manne a ƙarƙashin motarsa, kuma kwana uku yana taka shi da lodi a kan mafi munin hanyoyin ƙasar nan yana nemansa a motar wani.

A gabansu hanya ta fara gangarawa zuwa wata 'yar gada da ramuka suka ci bakinta. Bai taka birki da ƙarfi ba. A nan ne shekara ashirin da shida suka yi amfani. Ya riƙe sitiyari kamar mai ɗauke da ƙwarya cike da nono, ya rage giya ɗaya bayan ɗaya, ya bar motar ta mutu da kanta a gefen hanya, saura kamar taku arba'in a kai ramukan.

Ya sauka, ya tuɓe babbar riga ya yar a kan ciyawa, ya shige ƙarƙashi ta ɓangaren dama. Laka da baƙin mai sun rufe komai. Ya zaro 'yar wuƙarsa ya kankare kusa da idon sifirin. Ɗigo na farko ya fito, shuɗi kamar jiya aka ɗiga shi, sai na biyu, sai na uku. Ya ƙara kankarewa gaba kaɗan. Tsaga ce ta ratsa fallen daga gefe, bakinta na ƙyalli, abin da ya rage yana riƙe da ƙafar bai fi faɗin yatsa biyu ba. Yana kwance yana kallo ya ji ƙarfen ya yi ɗan ƙas, irin na hanyar Zurmi. Sama da shi daidai, bayan faranti ɗaya na ƙarfe, 'yarsa ce zaune.

Ya fito da baya da baya. Ya buɗe ƙofarta a hankali kamar mai tsoron tada barci, ya miƙa hannu biyu.

“Mardiyya. Sauko sannu, ki dahwa ni.”

Ta dube shi, sai ta waiga bayanta, kamar wata ake kira. Shekararta ashirin ba ta taɓa jin sunan a wannan muryar ba. Sannan ta dafa kafaɗarsa ta sauko, ya riƙe ta har inuwar wata bishiyar bedi, nesa da motar. Tana zama ta rufe fuska da mayafi ta fara kuka, shi kuma ya tsaya yana goge baƙin mai a wando. Tsoro ne ya kama shi, bai kuma yi ƙoƙarin kiransa da wani suna ba.

Ba a jima ba sai ga ƙugin wata tsohuwar mota daga wajen Badarawa, tana tafe tana hayaƙi. Zayyanu ne. Ashe tun daga Shinkafi yake biye da su daga nesa, inda madubi ba zai nuna shi ba. Ya tsaya, ya diro, ya cire hula zai zube.

“Tashi,” in ji Ɗanasabe. Wannan karon fuskarsa ya kalla. Ya kama hannunsa ya ja shi har gindin taya ya nuna masa tsagar, ya gaya masa komai tun daga ranar Litinin, a fili, ba ɗan aike. Zayyanu ya dafe kai ya fara ba da haƙuri. Ɗanasabe ya ce ya riƙe haƙurinsa, in rabon laifi za a yi shi ne mai babban kaso, kuma rana na yi.

Da kansa ya ɗauko ƙunshin kaya da kwallar ya sa a gaban motar da ya kira akwala. Da kansa ya leƙa ƙarƙashinta, gaba da baya, ya daɗe bai fito ba. Sannan ya ce Mardiyya ta hau.

“In ka kai ta wurin uwatta, ka wuce Gusau yau ɗin ga, ka biɗi injiniyan kamfani. Ka ce mai Ɗanasabe na roƙo nai shi zo shi leƙa ƙarƙashin motar.”

Ya tsaya har suka haye gadar, yana ƙirga ramukan da tayar ta faɗa, bai motsa ba sai da hayaƙin ya ɓace. Daga nan ya nufi bedin ya kama reshe ya karya, ya ƙara karya wani, ya taka can baya inda masu tahowa za su fara gani, ya duƙa ya fara jera ganye a kan hanya.